Telan da Yininsa Ke Lalacewa Kafin Azahar: Nazarin Wani Shagon Ɗinki a Sakkwato

Shagon da mai shi

Mutumin da wannan nazari ya shafa tela ne mai kimanin shekara 40, shagonsa na yankin Mabera a cikin garin Sakkwato. Ɗinkin maza yake yi: kaftani, jamfa da wando, sai babbar riga jefi-jefi. A hannun wani dattijo da ke kusa da Tsohuwar Kasuwa ya koyi sana'ar kafin ya buɗe nasa wuri. Kayan aikinsa keken lantarki biyu ne, da baƙin keken ƙafa ɗaya da ya taho da shi daga wurin koyo, da teburin yanka, da dutsen guga na wuta da na gawayi, da ƙaramin janareto. Mutum uku ke aiki a ƙarƙashinsa: babban yaro da hannunsa ya faɗa har ana biyansa a kan kowace riga, da ƙanana biyu masu koyo. Aikin wuya, wato adon zare na wuyan riga, ba a shagon ake yi ba, wurin masu injin kwamfuta ake kaiwa a bi layi. Yanka kuwa shi kaɗai ke yi.

Ƙofar shagon yamma take kallo, rufin kwano ne babu silin. Duk wanda ya yi bazara a Sakkwato ya san abin da hakan ke nufi, domin daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 da rana, kuma bayan Azahar ranar kan shigo har gindin teburin yanka.

Kafin 2023 yininsa yana tafiya ko da ba tsari. Yakan iso wajen ƙarfe 9:30, ya tarar yara sun yi shara, ya duba waya, ya karɓi masu kawo yadi, ya yi awo, sai wajen 11:30 ko bayan Azahar ya ɗauki almakashi. In an ɗauke wuta a ta da janareto. Littafin awo na ɗauke da suna, tsawo, kafaɗa, hannu da ƙugu, amma babu ranar karɓa. Alkawari a baki yake. A saɓa da kwana biyu, mai kaya ya yi ɗan mita, a yi dariya a rabu, tunda saɓa alkawarin tela abu ne da jama'a suka daɗe da sawa a lissafi.

Yuni 2023 zuwa Fabrairu 2024: yadda abin ya faro

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki farashin hukuma ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 da ɗoriya a lita. Janareton da a da ake ja wa igiya ba tunani ya zama sai an yi lissafi. Aiki ya koma jiran wuta: in an kawo kowa ya haye keke, in an ɗauke a zauna ana fifita da kwali. Sau da yawa wutar kan zo ta tarar ba a yanka komai ba, sai a ga keke biyu a zaune ana jiran maigida ya gama awo da alli.

A watan Yunin ne kuma darajar naira ta fara faɗuwa sosai. Shadda mai kyau daga waje take shigowa, kuɗinta ya tashi, haƙurin masu ita ya ragu. Wanda ya tara kuɗin wata biyu ya sayi yadi biyar ba ya jin "gobe in sha Allahu" da kunnen da yake jin ta a da. Saɓawar kwana biyu ta zama ta mako, daga baya ta mako biyu.

Daga nan yininsa ya ɗauki wani salo. Da ya dawo daga masallacin Asuba sai ya kishingiɗa ya buɗe WhatsApp, ya saurari saƙonnin murya na masu jiran kaya ɗaya bayan ɗaya, wasu da zagi a ciki. Karin kumallo ya daina yi. Kafin ya kafe babur a ƙofar shago ransa ya riga ya ɓaci, kuma wanda ke fara kwasa shi ne ƙaramin yaron da bai share bayan keke ba. Zuwa ƙarfe 11 yakan ce, "Yau ba sa'a," kuma da zarar ya faɗa sai ya zama kamar ya sallama sauran yinin. Ciwon kai da yamma ya zama na kullum. Barci sai ɗaya na dare. A gida ma yara sun koyi yin shiru in sun ji ƙarar babur.

Azumin 2024: inda tura ta kai bango

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, cikin tsakiyar zafi. In da wuta, shagon kan gama kaya biyar a yini. In babu, biyu ko uku. Duk da haka ya karɓi kaya kusan 180, saboda a ganinsa mayar da yadi mayar da arziki ne, kuma mafi yawan masu kawowa mutanen unguwa ne da ake jin nauyinsu.

A goman ƙarshe abin ya faru. Wajen 3:30 na yamma ne, babu wuta tun safe, wani magidanci na tsaye a bakin ƙofa da 'ya'yansa biyu ya ce ba zai tafi ba sai da kayansu. Waya na ta ruri a aljihu. A haka ya shimfiɗa farar shadda yadi goma ta wani dattijo, ta babbar riga da 'yar ciki da wando. Ya buɗe littafi, akwai mutum biyu masu suna ɗaya a shafi ɗaya, idonsa ya sauka a kan layin da ba shi ba. Sai da almakashi ya kai ƙarshe ya lura wandon ya gaza da inci huɗu, 'yar cikin ma haka. Ya juya ya ga ƙaramin yaro riƙe da bakin yadin, ya wurga masa tef, ya yi masa faɗan da maƙwabtan shago suka leƙo. Yaron bai yi komai ba illa riƙe yadi kamar yadda aka sa shi. Ya ajiye, ya fita, bai dawo ba sai bayan Sallah da mahaifinsa ya rako shi.

Telan ya biya kuɗin shaddar daga aljihunsa, abin da ya cinye ribar wajen mako biyu. Daren Sallah, 9 ga Afrilu, kaya 31 ba su kammala ba. Wasu masu kayan a kan benci suka kwana a ƙofar shago.

Afrilu zuwa Yuni 2024: abubuwan da aka gwada ba su yi ba

Aikin dare ya fara gwadawa, bisa hujjar cewa an fi samun wuta da sanyi a lokacin. Yakan zauna har ƙarfe uku da Nescafé da goro. Sinadarin da ke cikinsu mai hana barci ba ya saurin fita, kusan rabinsa na nan a jiki bayan awa biyar, don haka ko ya kwanta barcin ba ya nauyi. Bayan Asuba sai ya koma ya kwanta har goma, ya iso shago rana ta take, yanka ya koma biyu na rana. Ɗinki ya ƙaru da dare, kuskuren yanka ya ƙaru da rana. Bayan mako uku ya bari.

Sai ya koma kashe waya. Wannan ya fi komai saurin ɓaci. Mutumin da ya kira sau biyar bai samu ba yakan hau kabu-kabu daga Arkilla ko Runjin Sambo, ya biya kuɗin zuwa da dawowa, ya iso da fushin kaya da fushin kuɗin mota. Faɗan da za a yi a waya cikin minti biyu ya koma na rabin awa a gaban yara.

Ya ɗauki ƙarin ma'aikaci, bai yi wata ba ya sallame shi. Hannun ɗinki ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Abin ɗinkawa ne ba ya fitowa daga teburin yanka a kan lokaci.

Na huɗu shi ne wanda kowa ya ba shi shawara a kai, wato haƙuri. Abokan majalisa, maƙwabta, har limamin unguwa, kowa ya ce masa haƙuri maganin zaman duniya. Ya karɓa da gaske, ya ɗaura niyyar ba zai ƙara ɗaga murya ba. Ya yi kwana uku, rana ta huɗu aka ƙona wuyan wata riga da dutsen gawayi, niyyar ta tafi. Babbar Sallah ta zo ranar 16 ga Yuni da kaya 14 a rataye ba hannu, alhali abin da ya karɓa bai kai rabin na azumi ba.

Yuli 2024: tambaya ɗaya da takarda ɗaya

Da damina ta sauka aiki ya lafa, ya je wurin dattijon da ya koya masa sana'a. Shawarar sayar da keken ƙafa ce ta kai shi, yana so ya haɗa kuɗin sola. Ya zayyana masa komai: mai, wuta, mutanen yanzu da ba su da haƙuri. Dattijon bai tanka ko ɗaya ba, sai ya ce, "Wane lokaci kaka yanka?"

"Bayan Azahar, Baba. Wani lokaci La'asar."

"Da sahe aka kama hwara, ɗana."

Bayanin da ya biyo baya gajere ne. Ɗinki in ya karkace ana farkewa a sake, maɓalli ana cirewa, guga ana maimaitawa. Yanka kaɗai ne ba ya komawa. Aikin da ba ya komawa shi ake ba lokacin da kai ya fi nutsuwa, sauran su bi baya. Ya kuma hana shi sayar da keken.

Matarsa malamar firamare ce, ta saba da jadawali. Ita ta ba shi shawarar ya riƙa rubuta abu biyu a bayan littafin awo: ƙarfe nawa ransa ya fara ɓaci, da abin da ya jawo. Ya yi hakan kwanakin aiki 12. A tara daga ciki, ɓacin ran ya fara ne kafin ya bar gida, a kan waya. Kurakuran aiki kusan duka tsakanin 1:30 da 4 suka faɗo. Masu kiran faɗa kuwa, in ban da mutum ɗaya, duk waɗanda aka ce wa "gobe" ne alhali ba a ko yanka yadinsu ba. Wuta, wadda ya ɗauka ita ce uwar matsalar, sau biyu kawai ta fito a matsayin abin da ya fara ɓata yini.

Ƙarshen Yuli zuwa Satumba 2024: sauye-sauyen

Ba a rana ɗaya aka yi su ba. Na farko shi ne lokacin yanka. Ya koma isowa shago 6:30, shi kaɗai, ƙofa a rufe rabi, ya yanka har 9. Waya na cikin akwatin babur sai 9:30. A hanya yakan tsaya wurin mai koko da ƙosai. Kafin a rufe shago da yamma babban yaro kan fitar da yadukan gobe, ya kwafi awon kowa a 'yar takarda, ya maƙala ta da fil a jikin yadin, har da lambar waya saboda masu suna iri ɗaya. Da safe ba a buɗe littafi ko kaɗan.

Wannan ɗan sauyi ya taɓa wani wuri da ba a zata ba. Cikin mako biyu yankakkun kaya suka taru a kan kanta, kowanne a ɗaure da takardarsa. Yanzu duk lokacin da aka kawo wuta, ko ƙarfe nawa ne, akwai abin ɗorawa a keke nan take. In ba a kawo ba har 10, a ta da janareto na awa biyu a jere, kekuna biyu na aiki ba tsayawa, maimakon tayarwa da kashewa sau biyar saboda riga ɗaya. Man da ake saye ya ragu, kuma wannan ya yi rana, don kafin ƙarshen shekarar lita ta haura naira 1,000.

A watan Agusta aka ja layi a littafi aka ƙara gurbin ranar karɓa. Ya ƙayyade kaya huɗu a yini, ba biyar ba, kuma kowane alkawari ana ƙara masa kwana uku. Aikin wuya ya koma kaiwa Litinin da Alhamis a dunƙule, mai aikin wuya a kayansa ana ƙara masa mako guda. In ya ga rana za ta saɓa, shi ke fara kira tun kwana biyu kafin ta. Wannan ne ya fi yi masa wuya. Bahaushe na jin nauyin cewa "ba zan iya ba" ga wanda ya tako har shagonsa, kuma "gobe" ta fi sauƙin fita a baki. Wasu sun ɗauki yadinsu sun tafi wurin wanda zai ce musu jibi. Biyu daga cikin tsofaffin abokan cinikinsa ba su dawo ba har yau.

A Satumba aka gyara tsakar rana. Bayan Azahar da abinci ana janyo ƙofa, kowa ya yi ƙailula ta minti 20 zuwa 30, ba a wuce haka don kada a tashi da nauyin jiki. Daga nan zuwa La'asar sai aikin da ba ya son wuta kuma kuskurensa ba ya kashe yadi: maɓalli, kalmasa a keken ƙafa, yanke zare, guga. Aka rataya zana a bakin ƙofa ta tare rana, aka ajiye randa a lungu. Masu karɓar kaya da masu awo an ce su riƙa zuwa bayan La'asar, ko da yake ba kowa ke bi ba.

Sai a nan aka dawo kan maganar hali, kuma ba da niyyar "ba zan ƙara fushi ba" aka dawo ba. Ƙa'ida ɗaya ya ɗora wa kansa: in yaro ya yi ɓarna, ba za a yi maganar ba sai bayan sallar da ke tafe. In abin ya taso masa yakan zauna in a tsaye yake, ko ya fita ya yi alwala, kamar yadda ya zo a hadisi. Mafi yawan lokuta kafin a idar da sallar faɗan ya koma gyara: "Zo ka ga inda ka karkace." Ya kuma bar cewa "yau ba sa'a". Matarsa ce ta nuna masa salloli sun riga sun raba yini gida-gida. In safiya ta ɓaci, safiya ce ta ɓaci, bayan Azahar wani lissafi ne daban.

Disamba 2024 zuwa Fabrairu 2025: koma-baya

Hunturu ya taɓa tsarin. Gari ba ya wayewa da wuri, yatsu na ƙagewa, ƙura na sauka a kan farar shadda. Ya mayar da yanka 7:30 zuwa 10, hakan bai ɓata komai ba.

Abin da ya ɓata shi ne ankon abokan ango kaya 22 da ya karɓa a Disamba a kan kwana takwas, saboda angon ɗan abokinsa ne. Littafi ya nuna ba wuri, ya rufe littafin ya karɓa. Kwana goma komai ya dawo: aikin dare, yankan rana, ciwon kai, faɗa da babban yaro har ya yi barazanar tafiya. Kayan wasu mutum tara suka makara saboda ankon. Bayan bikin ya koma kan tsari, kuma tun daga nan littafin a hannun babban yaro yake, shi ke faɗin ranar da ke da wuri kafin maigida ya buɗe baki.

Azumin 2025: gwajin gaske

An ɗauki azumi 1 ga Maris, aka yi Sallah ranar 30. Ya ƙayyade kaya 110, ya rufe karɓa ranar 10 ga azumi, ya rubuta a kwali ya manna a ƙofa. Daga masallacin Asuba shago yake wucewa, ya yanka da ƙarfin sahur har 8:30. Hutun bayan Azahar ya tsawaita zuwa awa ɗaya. Bayan Tarawihi a yi ɗinki zuwa 12, a rufe.

Kaya 104 sun fita a ranar da aka rubuta ko kafin ta. Shida sun makara da kwana ɗaya zuwa biyu, dukkansu a wurin aikin wuya suka tsaya, kuma an kira masu su tun kafin ranar. Ba a ɓata yadin kowa ba. Daren Sallah an rufe shago kafin ƙarfe 11. Kuɗin da ya shigo bai kai na azumin baya ba in aka duba yawan kaya, amma da aka cire mai da shaddar da aka biya a bara, ya ce abin da ya rage a hannu ya kusa zama ɗaya. Ciwon kai ya koma na lokaci-lokaci. Yaron da aka wurga wa tef yana nan, ya fara haɗa wando shi kaɗai.

Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina sauyin da ya ɗauki nauyin sauran shi ne mayar da yanka safiya. Shi ya raba aikin da ba ya gyaruwa da lokacin zafi da gajiya, shi ya tara yankakkun kayan da suka sa wutar da ba ta da lokaci ta daina juya shagon yadda ta so. Na biyu shi ne ranar karɓa a rubuce, domin saƙonnin da ke ɓata masa safiya 'ya'yan "goben" da ya faɗa jiya ne. Ajiye waya zuwa 9:30 ya yi amfani ne saboda an haɗa shi da kiran mutane tun da wuri. Da aka yi shi shi kaɗai a Mayu, ƙara rura wutar ya yi.

Maganar hali ita ce ta fi jan hankalina. Masu ce masa ya yi haƙuri ba su yi kuskure ba, amma sun nemi haƙuri daga mutumin da bai yi barci ba, bai karya ba, ya sha zagi tun Asuba, yana riƙe da almakashi a zafin digiri 40. Niyya ɗaya ce a Mayu da Satumba. A Mayu ta yi kwana uku, a Satumba ta zauna, saboda a lokacin an rage abubuwan da ke cinye ta kafin hantsi, kuma an mayar da ita ƙa'ida mai lokaci, wato jinkirta faɗa zuwa bayan salla, abin da mutum zai iya auna ko ya cika ko bai cika ba.

Ba zan ce waɗannan gyare-gyare sun ƙara masa arziki ba. Mai bai sauko yadda yake a da ba, wuta na nan yadda take, shagon har yanzu ba silin, ya kuma rasa wasu abokan ciniki. Ankon Disamba ya nuna tsarin na iya rushewa da alfarma ɗaya. Akwai kuma raunin da ba a taɓa ba: har yanzu yanka a hannun mutum ɗaya yake, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi kantar kan ƙare cikin kwana biyu. Bayan ƙaramar Sallah ya fara koya wa babban yaro yankan wando, amma na riga ya riƙe, don ya san yaron da ya iya yankan riga ya kusa neman shagonsa, kuma bai yanke shawarar ko zai iya rabuwa da shi yanzu ba.